Koyon Jikin Mutum da Hannu: Jagorar Farko ga Ɗalibin Kiwon Lafiya

Duk wanda ya shiga makarantar koyon jinya ta Vom, ko ya fara karatun likita a Jami'ar Jos, darussa biyu ne ke fara tarbarsa. Akwai anatomi, ilimin ƙirar jiki, mai amsa tambayar mene ne wannan kuma a ina yake. Akwai fisiyoloji, ilimin aikin jiki, mai bayanin abin da kowane sashe ke yi da yadda yake yin sa. Ɗalibai da yawa hadda suke yi musu daga takarda, su ci jarrabawa lafiya lau, amma ran da aka tsayar da su gaban gadon marar lafiya aka ce su nuna inda zuciya ke bugawa, sai ka ga hannu ya nufi kusa da kafaɗa. Maganin wannan shi ne a koyi jiki da yatsu tun daga makon farko. Kayan aikin ba su da yawa: jikinka, abokin karatu (namiji da namiji, mace da mace), agogo mai nuna daƙiƙa, alƙalamin da ake iya goge tawadarsa, da kayan cikin rago ɗaya daga wurin mahauci.

Fara da warware kalmomin da ke rikita mu

Kalmar "jijiya" ita kaɗai tana ɗauke da abubuwa huɗu da ba su da dangi da juna. Akwai jijiyar da ke kai jini daga zuciya zuwa sassan jiki, mai kauri ce, kuma ita ce ke bugawa. Akwai wadda ke mayar da jini zuciya, ita ake gani shuɗi-shuɗi a bayan hannu, ita ake nema in za a ɗibi jini ko a sa ƙarin ruwa. Akwai jijiyar saƙo, wadda babu jini a cikinta, farin zare ce da ta fito daga ƙwaƙwalwa ko laka tana ɗaukar ji da umarnin motsi. Ta huɗun ita ce agara, igiyar da ke ɗaure tsoka da ƙashi, kamar wadda ke bayan dunduniya. Idan tsohuwa ta ce maka tana da ciwon jijiya, ba ta gaya maka komai ba tukuna. Tambaye ta: "Mama, kamar tafiyar kiyashi kike ji ko kamar an ɗaure? In kin taka ne yake tashi, ko har kina kwance?" Amsar ce za ta nuna wace jijiyar ake nufi.

"Ciki" ma haka yake. Yana nufin dukan kogon da ke ƙarƙashin ƙirji, yana nufin tumbi inda abinci ke fara sauka, yana kuma nufin juna biyu. A rubutunka ka raba su. Sai kuskuren da ya yaɗu har a wasu rubuce-rubuce, na kiran fankiriyas da sunan saifa. Saifa tana hagu ƙarƙashin haƙarƙari, tace jini take yi tana kawar da tsofaffin ƙwayoyinsa. Fankiriyas tana kwance a bayan tumbi, ita ke fitar da insulin, sinadarin da ke sauko da sugan jini, da ruwan narkar da abinci. Ciwon suga ba shi da hulɗa da saifa.

Tsayuwar da ake auna komai da ita

Tsayar da abokinka a miƙe, fuska gaba, ƙafafu a jere, hannaye a gefe, tafin hannu na kallon gaba, manyan yatsu na nuna waje. Duk bayanin anatomi daga wannan tsayuwa ake yin sa, ko da marar lafiyar yana kwance rub da ciki. Dalilin juyo tafin hannu gaba shi ne, a haka ƙasusuwa biyu na tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu suke kwanciya a jere. Da ka kife hannun, ɗaya ya haye ɗaya.

Dama da hagu kullum na marar lafiya ne. Idan kana fuskantarsa, hantarsa tana ɓangaren hagunka amma a damarsa take, kuma "dama" za ka rubuta. Hoton ƙirji ma haka ake rataye shi, kamar mutumin yana tsaye yana kallonka.

Sauran kalmomin wuri bibbiyu suke zuwa: sama da ƙasa, gaba da baya, kusa da layin tsakiya da nesa da shi, kusa da fata da can ciki. A hannu da ƙafa akwai ƙarin biyu, kusa da tushe da nesa da tushe, wato inda gaɓar ta manne da gangar jiki. Gwiwar hannu ta fi wuyan hannu kusa da tushe, idon sawu ya fi gwiwa nesa da shi. Kada ka haddace su a jere. Ɗauki sassa biyu ka haɗa jimla da bakinka: hanci ya fi ido kusa da tsakiya, ƙoda tana bayan hanji, haƙarƙari ya fi huhu kusa da fata. Yi jimla 20 irin wannan a zama ɗaya, abokinka na kama maka kuskure.

Yankan jiki a tunani kuwa uku ne, kuma lemo ɗaya ya isa ya koya maka su: yankan da ya raba dama da hagu, wanda ya raba gaba da baya, da na kwance da ya raba sama da ƙasa. Hotunan na'urar sikanin da ke yanka jiki falle-falle yawanci na kwancen ne, kuma ana kallon su kamar kana tsaye a ƙafafun mutum kana hangen kansa.

Matakan ginin jiki ba sa buƙatar dogon zance. Ƙwayar halitta ce mafi ƙanƙanta mai rai. Ƙwayoyi iri ɗaya sukan taru su zama nau'in nama, kuma nau'o'in 4 ne: mai shimfiɗa da ke rufe fata da cikin hanji, mai haɗawa wanda ƙashi da kitse da jini duk suke ciki, tsoka, da na jijiyar saƙo. Nau'o'in nan su ke haɗuwa su ba da sashe guda kamar zuciya, sassa kuma su haɗu su zama tsari kamar na numfashi. Yawancin littattafai tsari 11 suke ƙirgawa.

Je wurin mahauci

Gani ya kori ji. Tafi mahauta da sassafe, ko ka jira lokacin layya, ka roƙi mahauci ya ciro maka maƙogwaro da huhu da zuciya a haɗe, bai datsa ba. Ka faɗa masa tun kafin ya sa wuƙa, don sun saba tsaga zuciya nan take. Sa safar hannu, shimfiɗa leda a faranti, kuma ka wanke hannu da sabulu bayan ka gama.

Fara da maƙogwaro. Shafa shi za ka ji zobban guringuntsi a jere, su ke hana shi rufewa. Zobban ba su zagaye duka ba, bayansu a buɗe yake, don a nan maƙoshi, hanyar abinci, yake jingine yana buƙatar wurin buɗewa in loma ta zo wucewa. Sa bakin famfon keke a maƙogwaron ka matse da hannu ka buga a hankali (kada ka hura da baki). Huhun da ya yi laƙwas zai kumbura ya yi haske, da ka saki ya koma da kansa. Wannan komawar ce fitar numfashi. Shaƙa ce ke cin ƙarfi, lokacin da tantanin tsokar da ya raba ƙirji da ciki ya ja ƙasa. Yanki ɗan guntun huhu ka jefa a ruwa, zai yi iyo, guntun hanta kuwa nutsewa zai yi. A mutum huhun dama kashi 3 ne, na hagu 2, domin zuciya ta ci masa wuri.

Zuciyar rago ɗakuna 4 ne da ita kamar ta mutum, biyu a sama masu karɓa, biyu a ƙasa masu turawa. Yanka ta a kwance kusa da tsininta ka dubi bangon ɗakunan ƙasa. Na hagu ya kai ninki uku na na dama a kauri. Na dama huhu kawai yake tura wa jini, ga shi nan maƙwabci, na hagu kuwa sai ya kai jini har babban yatsan ƙafa. A nan ne za ka ga yadda ƙira take bin aiki, kuma wannan ita ce ƙa'idar da ta haɗa darussan biyu. Zura yatsa ta babbar jijiyar sama, mai kauri kamar roba, ka ga ɗakin da za ka faɗa. Duba kuma bangon da ke tsakanin dama da hagu: babu ƙofa. Likitan nan Ibn al-Nafis ya faɗi haka tun ƙarni na 13, cewa jini ta huhu yake zagayawa kafin ya isa hagu, sannan William Harvey na Ingila ya bayyana zagayen jini gaba ɗaya a 1628.

Zana taswira a kan fata

Nemi izini kafin ka taɓa kowa, ko da abokinka ne, don hannu ya saba. A sanyin Jos na Disamba da Janairu ka murza tafukanka su yi ɗumi tukuna. Hannu mai sanyi yana sa tsokar ciki ta ɗaure, ba za ka ji komai ba.

Baligi yana da ƙasusuwa 206, amma kaɗan ne za su zame maka alamar hanya. Sa yatsa a ramin da ke gindin wuya, saman ƙashin ƙirji. Gangaro kamar santimita 5 za ka ji ɗan tudu a kwance. Zame yatsan gefe daga tudun, abin da ka taɓa haƙarƙari na 2 ne. Na 1 yana ɓoye a bayan ƙashin da ya taso daga ƙirji zuwa kafaɗa, shi ya sa ba a fara ƙirga daga gare shi. Ramin da ke ƙarƙashin na 2 shi ne tsakani na 2. Ci gaba da sauka kana ɗan karkata waje har tsakani na 5 a hagu, sannan ka sauko da layi daga tsakiyar wancan ƙashin na kafaɗa. Inda suka haɗu nan tsinin zuciya yake bugawa, a namiji ƙasa da kan nono kaɗan. Idan ba ka ji ba, sa shi ya kwanta a gefen hagu. Idan kuwa a kwance rigingine ka same shi ya gangara ƙasa ya nufi hammata, alama ce zuciya ta ƙara girma, abin da hawan jini na shekaru kan jawo. Haƙarƙari 12 ne a kowane gefe, ga maza da mata duka.

Juya shi baya. Ya sunkuyar da kai, ƙashin da ya fi turowa a gindin wuya shi ne na 7 kuma na ƙarshe a ƙasusuwan wuya. Daga nan 12 na ƙirji, 5 na gadon baya, sai waɗanda suka manne a kwankwaso. Ɗora hannaye a saman ƙasusuwan ƙugu ka haɗa su da layi, zai ratsa wajen na 4 a cikin biyar ɗin nan. Laka a baligi tana ƙarewa ne wajen na 1 ko na 2 a cikinsu, shi ya sa ake yin allurar kashe rabin jiki a kusa da wannan layi, ƙasa da inda lakar ta tsaya. Ƙodoji kuma sun fi yadda mutane ke zato sama. Suna ƙarƙashin haƙarƙarin ƙarshe, ta dama ta ɗan fi ƙasa saboda hanta. Mai dafa kwankwaso yana cewa ƙodarsa ce, galibi tsoka ko ƙashi ke damunsa.

Ciki kuma, ja layi biyu su gitta a cibiya, ka sami gida 4. Sama dama: hanta da matsarmama. Sama hagu: tumbi da saifa. Ƙasa dama: afendis. Ƙasa hagu: ƙarshen babban hanji. Mafitsara da mahaifa suna tsakiya a mara. Saifa mai lafiya ba ta taɓuwa, in ka ji ta ƙasa da haƙarƙari to ta kumbura, kamar yadda ake gani ga yaran da zazzaɓin cizon sauro ya yi ta kamawa ko ƙananan yara masu sikila. Don gano wurin afendis, ja layi daga tsinin ƙashin ƙugu na dama zuwa cibiya, raba shi uku, ka tsaya a kashi na farko daga ƙashin. Ciwonsa kan fara ne a kewayen cibiya kafin ya koma can bayan wasu sa'o'i.

Taswirar tana da yaudara guda. Inda ake jin ciwo ba kullum ne inda cutar take ba. Ciwon zuciya kan fito a hannun hagu, a muƙamuƙi, ko a ƙahon zuciya, inda kowa zai ce olsa ce a miƙa masa maganin tauna. Dattijo mai hawan jini ko suga da ya ce ƙahon zuciyarsa na danne shi, ga gumi, asibiti ake kai shi nan take.

Lambobin da jiki ke karewa

Ginshiƙin fisiyoloji shi ne daidaiton cikin jiki. Jiki yana da ma'aunai da ba ya yarda su gusa, kuma kowanne yana da ma'aikata uku: mai ji, mai yanke hukunci, mai aiwatarwa. Fito da asuba a unguwar Rayfield ta Jos cikin hunturu, fata ta ji sanyi ta kai rahoto ga wani ɗan sashe a gindin ƙwaƙwalwa, shi kuma ya sa jijiyoyin jinin fata su tsuke, tsoka ta kama karkarwa don ta samar da zafi. Sauka Abuja a watan Maris, sashen nan dai zai buɗe jijiyoyin ya sako gumi. A wuraren biyu zafin cikin jiki yana nan wajen digiri 37. Haka suga: in ya hau insulin ya sauko da shi, kuma a mai lafiya da bai karya ba yana tsakanin 70 da 99 a ma'aunin da yawancin na'urorin gida ke nunawa. Naƙuda da daskarewar jini ne fitattun wuraren da jiki ke ƙara wa abu wuta maimakon ya mayar da shi baya, su ma suna tsayawa da zarar aiki ya kammala.

Bugun jini. Ɗora yatsu biyu ko uku a wuyan hannu ta gefen babban yatsa, cikin ɗan kwarin da ke tsakanin ƙashi da agara. Ban da babban yatsanka, yana da nasa bugun. Danna kaɗan, in ka matsa da ƙarfi ka toshe jijiyar. Ƙirga na daƙiƙa 30 ka ninka biyu, in bugun na tsalle-tsalle ka cika minti guda. Baligi a hutawa 60 zuwa 100 ne. A wuya ma ana ji, gefen maƙogwaro, amma kada ka taɓa danna ɓangarori biyun lokaci ɗaya, mutum na iya suma. Kowane bugu yana fitar da kusan mililita 70, in ka ninka da bugu 70 a minti ka sami kusan lita 5, wato kusan dukan jinin baligi. Daga wannan lissafi za ka fahimci abin da ke faruwa ga mai zubar jini: abin da kowane bugu ke fitarwa ya ragu, sai zuciya ta ƙara sauri don ta cike giɓin. Saboda haka bugu ke fara hawa tun awon jini, wato matsinsa a cikin jijiyoyi, bai faɗi ba. Mai jego ko wanda ya faɗi daga babur da bugunsa ya kai 120, hannu sanyi ƙalau, yana cikin haɗari ko da na'ura ta nuna awon jininsa daidai.

Numfashi. Kada ka sanar da mutumin kana ƙirgawa, da ya sani zai canja. Bar yatsunka a wuyan hannunsa kamar ba ka gama ba, idonka na kan ƙirjinsa, minti guda cur. Baligi 12 zuwa 20. Ga yara, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar saurin numfashi a 60 ga ɗan ƙasa da wata 2, 50 daga wata 2 zuwa shekara, 40 daga shekara 1 zuwa 5. Yaron ya kasance a natse, mai kuka ba ya ƙirguwa. In ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa ciki lokacin shaƙa, wannan ya wuce jira.

Zafin jiki. Goge hammata ta bushe, kan ma'aunin ya shiga can tsakiya, hannu a manne da jiki har na'urar ta yi ƙara. Awon hammata kan gaza na cikin jiki da kusan rabin digiri, don haka 37.5 a nan zazzaɓi ne. A Jos a kula da ɗaya gefen ma: jaririn da ya sauka ƙasa da 36.5 sanyi ya kama shi, a manna shi a ƙirjin uwarsa fata da fata, a sa masa hula, a jinkirta wanka. Na'urar da ake maƙalawa a yatsa don auna iskar oksijin ita ma sanyi na ruɗa ta, haka jan farce da baƙin lalle. Ɗumama yatsan ka sake. Mai lafiya 95 zuwa sama yake nunawa, kuma da yake Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, lambar kan ɗan gaza ta mazauna ƙasa-ƙasa kaɗan.

Awon jini shi ya fi shan kuskure. Lambar sama matsin jini ce lokacin da zuciya ta matsa, ta ƙasa lokacin da ta saki. Mutum ya yi fitsari tukuna, ya zauna minti 5, baya a jingine, ƙafafu a ƙasa ba a harɗe ba. Minti 30 kafin nan ban da goro, kofi, taba ko hawan tudu. Ɗaura mayafin na'urar a fatar damtse, santimita 2 zuwa 3 sama da lanƙwasar gwiwar hannu, hannun a kan tebur daidai da zuciya, kuma ba magana. Hannu a rataye ƙasa yana ƙara lamba, ƙaramin mayafi a damtse mai kauri ma haka, kuma mutane da yawa an tsorata su a banza ta wannan hanya. Auna sau biyu da tazarar minti ɗaya ko biyu. Ana cewa akwai hawan jini in an sami 140 bisa 90 ko fiye a ranaku biyu daban-daban. Mai juna biyu ba ta jiran rana ta biyu: 140 bisa 90 tare da ciwon kai, kumburin fuska ko gani dishi-dishi, a ranar za ta asibiti.

Inda rashin sanin taswira ke gurgunta yaro

Jijiyar saƙo mafi kauri a jiki, mai faɗin kusan babban yatsa, tana fitowa daga kwankwaso ta ratsa tsakiya da ƙasan mazaunai ta bi bayan cinya har tafin ƙafa. Allurar da aka soka a tsakiyar ɗuwawu ko ƙasansa tana iya samun ta. Abin da ke biyowa baya shi ne ƙafa ta saki, yaro ya kasa ɗaga tafinta, ya riƙa jan ta a ƙasa, wani lokaci har abada.

Wanda aka horar aka ba izinin yin allura yakan raba ɗuwawu ɗaya gida huɗu, daga saman ƙashin ƙugu zuwa lanƙwasar ƙasa, ya soka a gidan sama na waje kaɗai. Kuskuren da aka fi yi shi ne auna gidajen daga naman da ke bayyane kawai bayan an ɗan zame wando, sai gicciyen ya sauko ƙasa da inda ya kamata. Jarirai ba a yi musu a ɗuwawu sam, tsokar wurin ba ta ginu ba sai sun fara tafiya. Nasu a cinya ne, kashi na tsakiya in an raba ta uku, ta gaba-gaba wajen waje, inda ake yi musu rigakafi. A kafaɗa kuma, yatsu biyu zuwa uku ƙasa da tsinin ƙashin, kuma magani kaɗan wurin ke ɗauka. Idan ana cikin sokawa mutum ya yi ƙara ya ce wani abu kamar wutar lantarki ya tsarga masa har ƙafa, a zare allurar nan take ba tare da an tura maganin ba, a rubuta wurin da lokacin, a gwada ko yana iya ɗaga yatsun ƙafarsa sama, sannan likita ya gan shi a ranar.